Ranar da Na Nemi Gyara Wurin Dodo

Shagon shayin Indiyawan nan da ake kira mamak, wanda ke ƙasan tsohon benenmu na unguwar Sri Petaling, a nan ƙasar wajen da karatu ya kawo mu, ya tashi. 'Yata Amira ce ta kai ni na gani da idona, wata Asabar da na rufe shagona da wuri. Inda a da ake murza roti, gurasarsu, ana zuba shayi daga kofi zuwa kofi, yanzu gilashi ne da sanyin na'ura da tebura masu sheƙi, samari da 'yan mata sun kewaye su suna wasan labari. Kowane tebur da taswirarsa bugaggiya, da 'yan mutum-mutumin roba da aka yi wa fenti har gashin ido, da ƙwayoyin jefawa irin na ludo amma masu fuska da yawa. Amira tana ta yi mini bayani da Turanci, a hankali, kamar mai koya wa baƙuwa hawa lif. Wai mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, in za ka yi abu mai haɗari sai ka jefa ƙwaya, lambar da ta fito ita ke faɗin ko ka dace. Na bar ta ta gama. Sannan na ce, "Kina goye a bayana na kashe aljanu sun fi talatin a hawa na tara na benen nan." Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

Ni ba mai ƙawata magana ba ce. Gyale da hijabi da yadi nake turawa Kano, aikina in duba kaya in taya, a sallama ko a ce albarka. Amma tun ranar nan kunnena bai daina jin ƙarar ƙwallon dabino cikin hula ba, shi ya sa na zauna rubutun nan.

A zamanin mazajenmu ne ke karatu, mu kuwa rakiya muka zo. Da safe su bi jirgin ƙasa su tafi makaranta, a bar mu cikin ɗakunan nan masu kama da akurkin tantabaru, kowace da fankarta da tukunyar shinkafarta. Ba wayar da za ka ga fuskar uwarka a ciki, sai dai kati a kira gida sau ɗaya a mako, ana magana ana sauri. Rana tana da sautukanta da muka haddace: motar mai sayen tsofaffin jaridu tana ihun "paper lama", hon ɗin mai biredi a babur, ɗigar ruwan shanyar maƙwabciyar sama a kan tamu, sai tsawar yamma da ba ta saɓa alkawari. Matan da ke zuwa yanzu ba su san wannan shirun ba. Kowace da wayarta a hannu, tana zaune a nan tana cikin bikin 'yan uwanta a Kano, ga maƙwabciyarta Bahaushiya a ƙofa ta gaba ba ta san sunan ɗanta ba. Mu rashin abin yi ne ya tura mu ɗakunan juna, kuma ban taɓa yin arziki irin wannan ba.

Anti Rabi ce kaɗai a cikinmu mai karatun kanta, digiri na uku take yi a lissafi. Wurin abokan karatunta 'yan Sin ta ga wasan, ta kawo mana shi wata Alhamis, ranar da ba ta da aji. Littafin dokokin ta riƙe, amma gidajen dutsen Turawa da ke ciki ta watsar, ta zuba mana dajinmu: kukoki, tsofaffin rijiyoyi, zangon fatake, kasuwar aljanu da ke ci a gindin tsamiya. Sai dai a ranar farko wasan ya kusa mutuwa, saboda Gwaggo. Gwaggo ƙanwar mahaifin Anti Rabi ce, ita ta raine ta, ta zo wankan jego ta zarce da zama. Shekara arba'in ta yi tana awon hatsi a kasuwa, idonta ba ya kuskure mudu. Tana ganin ƙwayar jefawa ta ce, "Ke Rabi, ba a ɗakin da nake salla ba. Wannan abin 'yan caca ne." Aka yi ta bayani, ta ce ta ji, amma ba za a jefa ba. Ita da kanta ta kawo mafita. An gama azumi ba da daɗewa ba, ƙwallon dabino ya taru a gwangwani. Ta zaɓi ashirin masu kai ɗaya, ta wanke, ta shanya a baranda, aka rubuta musu lamba da jan farce, aka zuba a tsohuwar hular mijin Anti Rabi. In ka sa hannu ka ja, ƙuri'a ce, ta yarda da wannan muddin ba a sa ko sisi ba. Ta ƙara sharaɗi biyu. Ba wadda za ta zama boka, sai dai mai maganin gargajiya. Kuma da an kira la'asar a masallacin unguwa an tashi, ko da takobi na sama. "Dodo ma ya jira," in ji ta.

Haka muka shekara biyu, kowace Alhamis daga azahar zuwa la'asar. Taswirarmu bayan kwalin firji ce. Jarumanmu maɓalli da murfin kwalba. Ƙananan aljanu kuwa rambutan ne, 'ya'yan itacen nan ja mai gashi, wadda ta kashe aljani ita ke ɓare shi ta cinye, shi ya sa ba mu taɓa gudun yaƙi ba. Hannu ba ya zama banza: wata na kitso, wata na tsince shinkafa, ko muna tsinke zogalen da muke sayowa wurin Indiyawa a Brickfields. Jarirai suna kwance jere a katifa. Anti Rabi kuwa in ta zauna da hular nan a cinya, ba ta da ƙawa ba ta da ƙanwa. Abin da ƙwallo ya faɗa ya zauna. Kowane jarumi yana da takardarsa, in ya mutu a gabanki za ta yaga ta. Zulai, wata 'yar Gusau mai murya kamar lasifika, ita ta fara ɗanɗanawa. Jaruminta ɗan kokawa ya ce zai tsallake kogi da tsalle ɗaya, ta ja biyu, kada ya gode. Mako guda Zulai ba ta gaishe da Anti Rabi ba, sannan ta dawo da sabuwar jaruma, maƙeriya mai guduma.

Ni ban nemi takobi ba. Kande mai jaki na ɗauka, tsohuwar 'yar koli. Duk garin da muka shiga, su suna neman makamai, ni ina loda kantun gishiri da kanwa da kanumfari da allura. Zulai ta ce, "Maman Amira, yaƙi muka fito ko cin kasuwa?" Jakin na sa masa suna Boleh, kalmar mutanen nan ta "zai yiwu", don kuwa bai taɓa yarda wani abu ya yiwu ba. In ana gudun tsira sai ya toge. Anti Rabi, mai shirin zama dakta a lissafi, ita ke yin kukansa, har Gwaggo ta riƙe ciki. Na so jakin nan so na gaskiya, ban ji kunyar faɗa ba.

Ta ukunmu Bilki ce, ƙaramarmu. Ta iso da wata biyu aka aiko mata mahaifinta ya rasu a ƙauyensu, ba halin komawa. Daga nan ta rufe baki. Za ta zauna ta tsinke zogale tsaf, in an tambaye ta ta ce "to" ko "a'a", shi ke nan. Gwaggo ce ta tura mata hula ta ce ta ja ko don ta motsa hannu. Aka tambaye ta jarumin da take so, ta ce tsohon maharbi, sunansa Na-Dawa. Ranar da aljanun rambutan suka fara tare mana hanya, yarinyar nan da ba ma jin muryarta ta gyara zama, ta yi wani tari sau biyu, ta saki kirari da murya mai kauri har jaririn Zulai ya farka. Muka saki baki. Na-Dawa mafaɗaci ne, mai ƙorafi, komai aka dafa ya ce gishiri bai ji ba, amma bai taɓa kwana bai zagaya ya ga kowa ya rufa ba. Ta bakinsa Bilki ta dawo cikin mutane. Da farko sai ranar Alhamis take dariya, daga baya ta fara yi har Talata.

Wata Salla da muka fita da yara bakin tafkin Titiwangsa, muna zaune mu biyu a kan tabarma, ta ce mini, "Yaya, tarin nan na Na-Dawa ba ƙirƙira na yi ba. Na Baba ne. Kirarin ma nasa ne, da maganar gishirin. Ban samu na yi masa sallama ba, to ranar Alhamis nake ganinsa." Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa, kada a riƙa tausaya mata a wasa. Na ce ya zauna a cikina.

Labarinmu na shekara biyun nan guda ne: wani dodo ya sace ruwan saman garinmu ya ɗura a gora, ya shige kogon dutse, mu kuma muna bin sawunsa. Muka iso bakin kogon daidai makon da mijin Bilki ya kammala karatu. An ɗaure akwatuna, jirginsu ranar Lahadi, wannan Alhamis ita ce ta ƙarshe. Anti Rabi ta dasa abarba guda a tsakiyar kwali, ta ce ga dodo. In za ta yi muryarsa sai ta kifa kofin silba a baki, maganar ta fito da amo.

Na-Dawa ne ya fara taku. Ya yi tarinsa, ya yi kirari mafi tsawo da muka taɓa ji, ya ɗana kibiya. Bilki ta sa hannu a hula, ƙwallaye suka yi ƙara, ta fito da guda ta buɗe tafinta. Ɗaya. Babu lambar da ta fi ta muni.

Anti Rabi ta ce, "Tsirkiya ta tsinke. Dodo ya miƙo hannu ya ɗauke Na-Dawa kamar ɗan tsako, ya jefa cikin burgaminsa na fata. Ya ce da shi zai yi kalaci. Kowaccenku tana da taku ɗaya kafin ya buɗe baki." Ta jawo takardar Na-Dawa ta ajiye kusa da gwiwarta.

Zulai ta ce, "Haba Anti! Yarinyar nan gata-gata za ta tafi. A sake ja mana."

"Da na yaga ɗan kokawarki, na sake miki ja?"

"To ai shi wawa ne, shi ya ja wa kansa."

"Ja naki."

Zulai ta zage ta ja, ta samu huɗu. Gudumarta ta daki farcen dodo ta dawo ta buge ta a goshi. Ba wadda ta yi dariya. Na dubi Bilki. Reshen zogale yana hannunta, ta daina tsinka, idonta na kan takardar nan, fuskarta ta koma irin ta watannin farko. Ni kaɗai a ɗakin na san wanda ke cikin burgamin, kuma an ba ni amana, ba zan faɗa ba. Sararin sama ya fara duhu, la'asar ta kusa. In aka kira salla yana ciki, ko aka yaga takardar, haka za ta hau jirgi.

Kande ba ta da ko wuƙar yanka albasa. Amma na shekara biyu ina jin hirar Gwaggo ta kasuwa, kuma ta sha gaya mana cewa duk mai sayen da ta ƙura wa buhu ido ta gama tona wa kanta asiri. Saboda haka ban ko kalli burgamin ba. Na tura murfin kwalbata gaban abarba na ce, "Salamu alaikum, maigida. An wuni lafiya? Ya iyali?"

Anti Rabi ta sauke kofi. "Me kike yi?"

"Sallama na yi. Ko gidan nan ba a amsawa?"

Ta mayar da kofi ta amsa da muryar dodo, a daƙile. Na ce goran ruwan nan na zo tayawa. Na kwance kaya, na ɓantari gishiri na ce ya lasa, ɗanɗano kyauta ne. Dodon da ya shekara ɗari yana cin nama lami ya lashi gishiri. Anti Rabi mai gaskiya ce, ta san abin da zai biyo baya, ta ce idanunsa sun yi waje.

Na ce, "Kantu ɗaya."

"Albarka," in ji dodo.

"Biyu, da kanwa."

"Albarka. Ruwan gari guda ne fa, tsohuwa."

"Ruwan da ya kwana biyu a gora, wa ya san ko ya yi wari? Na ga kana tauna da gefe ɗaya. Ga kanumfari na haƙori, na ƙara maka."

"Albarka."

Na ce, "To Allah ya kawo kasuwa." Na miƙe da gaske, na gyara goyon Amira, na nufi ƙofa na fara sa takalmi. Zulai ta ce, "Ke, ina za ki?" Na ce gida, ciniki bai faɗa ba. Na kama mariƙin ƙofa ke nan sai na ji amon kofi a bayana: "Tsohuwa, dawo."

Na dawo ina jan ƙafa. Dodo ya ce zai sallama, amma gishiri duka, kanwa duka, kanumfari, har da jakin da zai riƙa yi masa dako. Ban zaci za ta taɓa Boleh ba. Na ce jakin ba ya jin magana, ya ce shi zai koya masa. Na ce gurgu ne, ya ce ya gan shi da ƙafa huɗu. Anti Rabi ta miƙo hula ta ce in na yarda, sai na ja goma ko fiye cinikin zai faɗa. Na dubi maɓallin rigar da ya shekara biyu yana zaman jakina. Na tura shi gindin abarba, na sa hannu na ja. Sha ɗaya.

"Na sallama," in ji dodo. Anti Rabi ta ce gora na hannun Kande, gari ya tsira. Ta kai hannu kan takardar Na-Dawa.

Na ce, "To, gyara fa?"

"Wane gyara?"

"Na yi sayayya mai yawa haka, in tafi ba gyara? A wace kasuwa?"

"Maman Amira, dodo ne fa. Babu gyara a littafi."

Sai Gwaggo, da muke zaton gyangyaɗi take a kan dardumarta, ta ɗaga kai. "Ke Rabi. Dodon nan ya sayar ko bai sayar ba?"

"Ya sayar, Gwaggo."

"Ya ci riba?"

"Ya ci."

"To ya yi gyara. Ni shekara arba'in ina awo, ko mudu ɗaya mace ta saya sai na ƙara mata da tafin hannu. Wanda ya rubuta littafinki bai taɓa zuwa kasuwa ba."

Anti Rabi ta ɗauki kofi, dodo ya ce ga ƙashin raƙumi nan in ɗauka. Na yatsine fuska. Na ce, "Me zan yi da ƙashi? Ba ni ɗan tsohon nan na cikin jakarka. Jijiya ce zalla, ga haƙorinka na ciwo, ga ƙorafi. In ka haɗiye shi, daga cikin cikinka zai riƙa ce maka gishiri bai ji ba." Anti Rabi ta miƙo mini hula. Gwaggo ta ce, "Ajiye. Ba a ƙuri'a a kan gyara, hakkin mai saye ne." Anti Rabi ta dubi gwaggonta, ta dubi littafi, ta dube ni. Kofin ya fara rawa a bakinta. Ta fashe da dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce dodo ya zazzage burgami, Na-Dawa ya faɗo ƙasa tim. Ta tura wa Bilki takardarta.

Bilki ta share ido da bakin mayafi. Sai muka ji tarin nan, sau biyu.

"Ni?" in ji Na-Dawa da muryarsa mai kauri. "Ni da na kashe ɓauna da kibiya ɗaya, ni za a bayar gyara kamar barkono? Kande, ko tayi ba ki yi a kaina ba!"

Zulai ta faɗi a kan katifa tana dukan ƙasa, jarirai suka tashi gaba ɗaya. Bilki tana dariya hawaye na zuba, ba wadda ta tambaye ta dalili. Kande ta buɗe gora, ruwa ya sauka a garinmu, a waje ma ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ba karama ba ce, kullum war haka yake zuwa. Muka ruga baranda kwasar shanya, ladan ya kira la'asar, bayan salla muka yanka dodo muka cinye. Bilki ta tafi da takardarta cikin jakar hannu, tare da fasfo.

Mutane suna tambayata inda na koyi ciniki, tunda ban gaji kasuwa ba. A ɗakin nan ne. Watanni kaɗan bayan haka na shiga wurin masu sarin gyale ni kaɗai, gabana na faɗuwa, na tuna na taɓa juya wa dodo baya ya kira ni. Har yau duk wadda ta sayi kaya a hannuna sai na ɗora mata wani abu a kai, ko ɗan kwali ko allurar hijabi. Mutanen nan ba su san gyara ba, sukan ce na yi kuskuren lissafi, in ce ban yi ba. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Anti Rabi ta koma gida tana koyarwa a jami'a, an ce ɗalibai na tsoronta, ban yi mamaki ba. Zulai har yanzu in ta kira ni sai na nesanta wayar da kunne. Wasan kuwa bai ƙara daɗi ba bayan tafiyar Bilki. Kande ba jaki, tafiya ta yi mata wuya, muka bari.

Shekara guda da komawar Bilki wani ɗalibi ya zo daga Kano da saƙona. Kuka da daddawa na roƙa, ga su a ƙulle. A samansu akwai wani abu cikin tsumma: ɗan jakin yumɓu, irin wanda yara ke ginawa a ƙauye, an gasa shi, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da 'yar takarda, kalma biyu da rubutun Bilki: "Ga gyara." Tun ranar yake cikin jakata, ya shiga kantunan sari da ofisoshin jigila fiye da yadda zan iya tunawa.

A shagon gilashin nan, abokan Amira suka matsa mini kujera, don ladabi, suka ce in zaɓi jarumi cikin 'yan robobinsu masu fukafukai da takubba. Na buɗe jaka na fito da jakina, na dasa shi a tsakiyar taswirarsu. Yaron da ke ba da labari ya tambayi Amira me wannan yake iya yi. Na ce ta gaya masa ba ya iya komai, togewa kawai yake. Sannan na gyara zama na ce, "Tambaye shi dodonsu me yake sayarwa."